Masu Sayen Kwamfutoci Da Yawa A Yola Da Jimeta: Shin A Saka Manhajar Kula Cikin Uwar Kwafi?

YOLA. Tun daga shekarar 2015, lokacin da Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, ta daina amfani da takarda da fensir ta koma yin jarrabawarta da na'ura mai ƙwaƙwalwa, sayen kwamfutoci ɗari biyu ko ɗari uku a lokaci guda ya zama harka ta 'yan kasuwa masu zaman kansu. Ƙa'idar hukumar ita ce kowace cibiyar jarrabawa ta tanadi kwamfutoci 250 masu aiki, da wasu 25 na ko-ta-kwana. Hukumar WAEC ma ta soma gwada wannan hanya ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta bayyana niyyarta ta mai da jarrabawar kammala sakandare kan na'ura. Ke nan buƙatar manyan ɗakunan kwamfuta ƙaruwa za ta yi.

Babban birnin Jihar Adamawa yana cikin wuraren da wannan sauyi ya shafa. A Yola akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta kuma soma ɗaukar ɗalibai a 2005. A Girei akwai Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, ga sakatariyar gwamnati da rassan bankuna da asibitoci da ofisoshin ƙungiyoyin agaji a Jimeta. Duk wanda ya sami kwangilar kawo wa irin waɗannan wurare kwamfutoci, ko kuma ya zuba jarinsa a cibiyar jarrabawa, zai tarar cewa sayen na'urorin rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne shirya su, da kuma riƙe su a kan tsari ɗaya har tsawon shekarun da za su yi suna aiki.

A nan ne wata tambaya ke tasowa wadda masu jari kan bar wa ma'aikatan fasaha, alhali kuwa kuɗinsu ne ke cikin haɗari: shin manhajar da za a riƙa kula da kwamfutocin da ita daga nesa, a saka ta tun cikin uwar kwafi, ko kuwa a bari sai kowace na'ura ta tashi sannan a ɗora mata?

MECE CE UWAR KWAFI

Sabuwar kwamfuta ba ta da amfani ga ofis sai an ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, irin su Windows, da manhajojin rubutu da lissafi, da maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta, da ƙananan manhajojin da ke sa firinta da allo da sauran sassa su yi aiki, sannan a daidaita harshe da agogo da kalmomin sirri. Idan ma'aikaci zai bi kowace na'ura ya yi mata haka da hannu, a ɗauka awa uku ce kowace za ta ci. Kwamfutoci 275 za su ci awa 825 ke nan. Ko da ma'aikata biyu ne, kowanne yana riƙe da na'ura biyar a lokaci guda, aikin zai kai kwana goma, janareto na shan man dizal, kuma da wuya a gama ba tare da an manta wani abu a kan wasu na'urorin ba.

Don kauce wa wannan ne ake shirya kwamfuta ɗaya tak yadda ake so, a gwada ta, sannan a ɗauki kwafin duk abin da ke cikin rumbun ajiyarta a dunƙule shi cikin fayil guda. Wannan fayil shi ne uwar kwafi. Daga gare shi ake zuba wa sauran na'urorin, ko ta filashi, ko ta wayoyin sadarwa na cikin gini, inda ake iya cika na'urori da dama a lokaci guda. Misalinta kamar abin buga bulo ne: duk bulon da ya fito girmansa ɗaya da na 'yan'uwansa, kuma idan abin bugun yana da lanƙwasa, kowane bulo da ita zai fito.

Dabarar ta daɗe. Wani kamfani mai suna Binary Research da ke Auckland a ƙasar New Zealand ne ya fito da manhajar Ghost a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Symantec na Amurka ya saye ta a 1998, ta kuma shahara har sunanta ya zama sunan aikin kansa a bakin masu gyaran kwamfuta. Daga baya aka sami Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan kuma ake ba da ita kyauta. Kamfanin Microsoft shi ma yana da nasa kayan aikin, ciki har da wata 'yar manhaja mai suna Sysprep, wadda aikinta shi ne goge alamomin da suka keɓanta da kwamfutar farko kafin a ɗauki kwafinta.

AIKIN MANHAJAR KULA

Uwar kwafi ranar farko kawai take yi wa mai jari amfani. Da zarar na'urorin sun shiga hannun ma'aikata ko ɗalibai, sai kowace ta kama gabanta: wannan an ɗora mata wasanni, waccan an kashe mata maganin cuta, wata kuma an ɗauke ta zuwa reshen Mubi ko Numan ba wanda ya rubuta. Manhajar kula ita ce ke hana wannan watsewa. Sassa biyu gare ta. Akwai cibiya, wadda ke kan wata babbar na'ura a ofis ko kuma a intanet, akwai kuma ɗan ƙaramin wakili da ke zaune cikin kowace kwamfuta yana kai wa cibiyar rahoto, yana karɓo umurni. Ta wannan hanya mutum ɗaya yana zaune a Jimeta zai iya sanin yawan na'urorin kamfani, da abin da ke cikin kowace, ya aika musu da gyara, ya hana ɗora abin da ba a yarda da shi ba, ya kulle wadda aka sace ko ya goge bayanan da ke cikinta idan ta hau intanet. Microsoft ya soma sayar da irin wannan manhaja tun 1994, wadda daga baya aka sani da Configuration Manager, sannan ya fito da Intune a 2011. Akwai kuma ta wasu kamfanoni da yawa, har da waɗanda ake samu kyauta.

Muhimmancin riƙe na'urori a kan tsari ɗaya ya fito fili a Nijeriya a jarrabawar JAMB ta 2025. Ran 14 ga watan Mayu na wannan shekara, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya shaida wa manema labarai cewa an sami kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har sai da aka sake yi musu jarrabawa. Bayanin da hukumar ta bayar shi ne cewa wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawar bai hau kan wasu manyan na'urori yadda ya kamata ba. Cibiyoyin Adamawa ba sa cikin waɗanda abin ya shafa, amma darasin na kowa ne: gyaran da ya isa wasu na'urori ya bar wasu, ba tare da an ankara ba, yana iya jawo asarar da ta fi kuɗin na'urorin. Haka aka gani a watan Mayun 2017, sa'ad da cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ƙofar tun watan Maris.

RIBAR SAKA TA TUN FARKO

Masu goyon bayan saka wakilin cikin uwar kwafi suna da hujjoji masu ƙarfi. Na farko, babu na'urar da za ta fita daga ɗakin shiri ba tare da shi ba. Idan aka bar aikin sai daga baya, a cikin na'ura ɗari biyu da wuya a rasa goma da aka tsallake, kuma waɗannan goman ba za su taɓa bayyana a rajistar cibiya ba, don haka ba wanda zai san an tsallake su. Na biyu, na'urar tana ƙarƙashin kulawa tun daga sa'ar da aka kunna ta, ba a bar wani taƙi ba wanda a cikinsa take a buɗe. Na uku, ana rage abin da za a sauko da shi daga intanet, domin wakilin yana cikin kwafin tun farko. A wurin da layin intanet ke da tsada ko yake yankewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

INDA HAƊARIN YAKE

Matsalar tana cikin yadda cibiya ke gane na'urori. A karon farko da wakili ya tashi ya gaisa da cibiya, akan ba shi lambar shaida tasa shi kaɗai, wani lokaci har da takardar shaida ta sirri, ya adana su cikin rumbun kwamfutar. Idan ma'aikaci ya ɗora wakilin a kan kwamfutar farko, ya bar shi ya yi rajista, sannan ya ɗauki kwafi, to wannan lamba ta shiga cikin uwar kwafi. Duk na'urar da aka zuba wa kwafin za ta tashi tana amsa sunan ta farko, tamkar motocin haya 275 ne suka fito titi da lamba ɗaya.

Abin da ke biyo baya ba ya nuna kansa nan take, kuma wannan shi ne muninsa. Kwamfutocin za su tashi lafiya, mai kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Sai bayan makonni mai kula ya lura cewa a allonsa na'ura ɗaya yake gani maimakon ɗaruruwa, sunanta kuma yana canzawa kowane lokaci, gwargwadon wadda ta kawo rahoto a ƙarshe. Idan ɗaya ta karɓi facin tsaro ta ba da rahoto, cibiya na iya ɗauka an gama, sauran kuwa suna nan a buɗe. Lissafin lasisi ya rikice. Mafi muni, idan aka sace kwamfuta ɗaya aka ba da umurnin a goge ta, umurnin na iya faɗawa kan ta akawu ko ta manaja, wadda ke kan teburinta lafiya lau. Gyaran wannan kuskure sau da yawa sai an bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, wato aikin da aka sayi manhajar don a guje masa.

Wasu ma'aikata kan ɗauka cewa Sysprep ta isa ta magance wannan. Ita kuwa alamomin Windows take gogewa, ba ta san inda wakilin wani kamfani ya ɓoye lambarsa ba. Shi ya sa kusan kowane kamfanin da ke sayar da irin wannan manhaja yake da nasa umurni na musamman ga masu ɗaukar kwafi. A tsarin Configuration Manager, alal misali, Microsoft ya yarda a saka wakilin cikin kwafi, amma da sharaɗin a tsayar da shi, a cire lambar shaida da takardun shaidar da ya riga ya samu kafin a ɗauka. Game da Intune kuwa, kamfanin ya bayyana ƙarara cewa ba ya goyon bayan ɗaukar kwafin na'urar da aka riga aka yi wa rajista. Maganin cutar kwamfuta da manhajojin shiga na'ura daga nesa su ma suna da irin wannan lamba, kuma ƙa'idar ɗaya ce.

Akwai haɗari na biyu. Don wakili ya iya yin rajista da kansa, akan saka masa wani mabuɗin sirri na kamfani. Idan mabuɗin yana cikin uwar kwafi, duk wanda filashin ya faɗa hannunsa, ko yaron shagon da aka ba ajiya, ko ma'aikacin da aka sallama, yana iya shigar da baƙuwar na'ura cikin tsarin kamfani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka mabuɗin da za a yi amfani da shi ya kasance mai wa'adi, a soke shi da zarar an gama aikin, filashin kuma a kulle shi tare da takardun banki.

Na uku shi ne tsufa. Microsoft kan fitar da facin tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, wakilan kula su ma ana sabunta su a kai a kai. Uwar kwafin da aka yi a watan Janairu, idan aka zuba ta a watan Oktoba, na'urar za ta tashi da bashin gyaran wata tara, kuma mai yiwuwa tsohon wakilin ya kasa fahimtar cibiyar da aka riga aka sabunta.

HANYOYI UKU

Daga wannan bayani, hanyoyi uku ne a gaban mai shirya na'urori. Ta farko ita ce a ɗora wakilin gaba ɗaya a kan kwamfutar farko, a hana shi haɗuwa da cibiya ta hanyar cire wayar sadarwa, ko kuma a goge lambarsa bisa umurnin kamfanin da ya yi shi, sannan a ɗauki kwafi. Wannan ta dace da ɗakin jarrabawa ko ɗakin koyarwa, inda na'urorin iri ɗaya ne kuma a rana ɗaya za a shirya su.

Ta biyu ita ce a ajiye fayil ɗin wakilin cikin uwar kwafi ba tare da an ɗora shi ba, a haɗa da ɗan gajeren umurni da zai sa ya ɗora kansa a karon farko da aka kunna na'urar, bayan ta sami sunanta. Da haka kowace na'ura za ta karɓi lambarta, ba a kuma buƙatar sauko da komai daga intanet. Ga yawancin matsakaitan kamfanoni wannan ita ce ta fi kwanciyar hankali, domin ta haɗa ribar hanya ta farko ba tare da haɗarin maimaita lamba ba.

Ta uku ita ce a bar uwar kwafi kwata-kwata. A 2017 Microsoft ya fito da tsarin Autopilot, inda dillali ke rubuta alamar kowace na'ura da sunan kamfanin da ya saya tun kafin a buɗe kwali. Da ma'aikaci ya kunna ta ya haɗa da intanet, sai ta gane mai ita, ta yi rajista, ta sauko da manhajojinta da kanta. Kamfanin Apple ya riga ya bi wannan tafarki, ya kuma daina ba da shawarar zuba kwafi a kan kwamfutocinsa. Sai dai wannan hanya tana buƙatar intanet mai ƙarfi, da lasisin da ake biya wata-wata, da dillalin da ke cikin tsarin.

YANAYIN YOLA DA LISSAFIN KUƊI

Abin da ya dace da kamfani a Landan ba lalle ne ya dace da na Jimeta ba. Wutar da Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Yola ke bayarwa, wanda ke kula da jihohin Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, takan ɗauke, kuma idan ta ɗauke ana tsakiyar zuba kwafi, duk na'urorin da ke kan layi sai an sake su daga farko. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, ɗakin da ke da kwamfutoci ɗari biyu a kunne kuwa dole a sanyaya shi. Saboda haka kowace awa da aka rage a aikin shiri, dizal ne aka rage.

Batun intanet ma haka yake. Idan gyaran wata guda ya kai gigabait ɗaya, kuma kowace na'ura za ta sauko da nata daban, cibiya mai kwamfuta 275 za ta sha gigabait 275 a kan abu guda. Manhajar kula mai kyau tana iya sa na'ura ɗaya ta sauko da gyaran, sauran su karɓa daga gare ta ta wayoyin cikin gini. Ya kamata mai saye ya tambayi wannan kafin ya tambayi farashi. Shigowar Starlink Nijeriya a farkon 2023 ta ƙara wa masu ofisoshi zaɓi, amma ita ma da kuɗi ake biyanta kowane wata.

Sai kuma canjin kuɗi. Yawancin manhajojin kula da dalar Amurka ake yi musu farashi, a kan kowace na'ura ko kowane ma'aikaci. A ɗauka dala 5 ce a wata kan kowace na'ura. Kwamfutoci 275 za su ci dala 1,375 a wata, wato dala 16,500 a shekara. A farashin gwamnati na kusan Naira 460 kan dala ɗaya da ake da shi kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yunin 2023, kuɗin zai kama Naira miliyan 7 da dubu 590. A farashin Naira 1,500 da aka kai a farkon 2024, ya koma Naira miliyan 24 da dubu 750, ba tare da an ƙara na'ura ko ɗaya ba. Cibiyar da ba ta cika aiki sai lokacin jarrabawa za ta fi samun sauƙi da manhajar da ake girkawa a cikin gida, ko ta kyauta, matuƙar tana da ma'aikacin da ya iya riƙe ta. Banki ko kamfanin da ke da rassa a garuruwa da yawa kuwa, abin da zai kashe wajen tura ma'aikaci a mota zuwa Ganye ko Mubi don gyara ɗaya yana iya fin kuɗin lasisin.

KWAMFUTOCIN HANNU

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake sayarwa a Jimeta na hannu ne, waɗanda ake saro su daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ko daga Kano, asalinsu kuwa kamfanonin Turai da Amurka ne suka gama amfani da su. Abubuwa uku ne ya kamata mai saye da yawa ya lura da su. Na ɗaya, idan tsohon kamfanin bai cire na'urar daga rajistarsa ta Autopilot ko ta Apple ba, ko an goge rumbunta an zuba sabon kwafi, tana iya neman kalmar sirrin wancan kamfani da zarar ta hau intanet, domin rajistar tana bin jikin na'urar ne. Don haka a gwada kowace a kan intanet kafin a biya. Na biyu, tarin na'urori masu iri daban-daban yana wahalar da uwar kwafi, domin kowane iri da ƙananan manhajojin da sassansa ke buƙata. Gara a ƙara kuɗi kaɗan a sayi iri ɗaya. Na uku, Microsoft ya daina ba da facin tsaro na kyauta ga Windows 10 tun ran 14 ga watan Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, Windows 11 kuwa ba ta hawa bisa ƙa'ida sai a kan na'ura mai wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Araha ba ta ado.

Haka kuma akwai batun lasisin Windows ɗin kanta. Izinin zuba kwafi ɗaya a kan na'urori da yawa yana tare da yarjejeniyar sayen lasisi a dunƙule. Kwafin da aka yi daga Windows ta sata, ban da saɓa doka, sau da yawa yakan zo da ɓoyayyiyar cuta, kuma uwar kwafi za ta raba ta ga kowace na'ura daidai wa daida.

MAI RIƘE DA MABUƊI

Wakilin kula yana da iko a kan kwamfuta fiye da mai zaune a gabanta, don haka duk wanda ya mallaki cibiya ya mallaki na'urorin kamfani baki ɗaya. A farkon watan Yulin 2021 wasu 'yan damfara suka kutsa ta manhajar kula ta kamfanin Kaseya, suka kulle bayanan kamfanoni da yawansu ya kai kusan 1,500, har kantunan Coop kimanin 800 a ƙasar Suwidin suka rufe saboda injinan karɓar kuɗinsu sun tsaya. Ran 19 ga watan Yulin 2024 kuma, wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi a duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, kuma da yawa daga na'urorin sai da aka bi su da hannu. Abin koyi a nan shi ne kada a aika sabon gyara ga dukan na'urori a rana ɗaya. A fara da biyar ko goma, a ga yadda suka kwana, sannan a saki ga sauran. Cibiyar jarrabawa kuma ta dakatar da duk wani canji a makon jarrabawa, sai wanda hukumar da ke da jarrabawar ta umurta.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya kare su, ya kuma sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Kwamfutar asibiti ko ta makaranta da ta ɓace da sunayen jama'a a ciki tana ƙarƙashin wannan doka, kuma rajistar manhajar kula ita ce shaidar da kamfani zai nuna cewa ya kulle rumbun, ya kuma goge shi. Ta ɗaya ɓangaren, tun da manhajar tana iya ganin abin da ma'aikaci ke yi, wajibi ne a sanar da ma'aikata a rubuce abin da ake dubawa da dalilin duba shi.

ABIN DA ZA A RUBUTA A KWANGILA

Mai jari ba ya buƙatar ya iya shirya uwar kwafi da kansa, amma yana iya kare kuɗinsa da sharuɗɗa kaɗan. A rubuta cewa uwar kwafin da kalmar sirrin cibiya mallakar mai saye ne, a kuma buɗe asusun cibiyar da sunan kamfani, domin idan da sunan ɗan kwangila aka buɗe, ranar da aka ɓata da shi na'urorin suna hannunsa. A rubuta ranar da aka yi kwafin da jerin abin da ke cikinsa, da wanda zai riƙa sabunta shi da kuma tsawon lokacin da zai yi kafin a sabunta. A soke mabuɗin rajista da izinin shigar ɗan kwangila a ranar miƙa aiki.

Sharaɗin da ya fi kowanne sauƙin dubawa shi ne ƙidaya. Kafin a zuba kwafin a kan dukan na'urori, a gwada a kan uku, a buɗe allon cibiya a tabbatar uku suka bayyana, kowace da sunanta da lambarta. A ranar miƙa aiki kuma a kunna dukansu, mai saye ko wakilinsa ya tsaya a gaban allon: idan kwamfuta 275 aka biya, 275 za a gani, kuma lambar jikin kowace ta yi daidai da wadda ke kan takardar kaya. Sai adadin ya cika sannan a saki kason ƙarshe na kuɗin kwangila.